Ashirin Bisa Ashirin: Ɗakin Gwaggona na Madarunfa

Ɗalibaina a Maraɗi sun san ni da rowar maki. Shekara da shekaru ina riƙe da jan biro, ban tuna ranar da na rubuta wa wani yaro 20 bisa 20 ba. Ko ya cinye tambayoyin duka, sai na lalubo waƙafin da ya manta na zabge masa rabin maki. To yau ga ni zan zubar da girmana a bainar jama'a, domin na ga abin da ya kwance mini hannu, kuma ba a cikin aji na gan shi ba. A ɗakin gwaggona na gan shi, ƙanwar mahaifina, a garin Madarunfa. Ɗakin ƙasa ne mai ƙofa ɗaya da ƴar taga ɗaya, wanda in aka tara kuɗin duk kayan adon da ke cikinsa na shekara guda, ba za su sayi turmin atamfa mai kyau ba.

Wallahi tun da na fara lura da ɗakin nan na zama kamar mai ciwon so. Sau biyar, sau shida nake zuwa a shekara, ina fakewa da gaisuwa, har dai tsohuwa ta gano ni.

"Ke ɗiyata," in ji ta, "ni kika zo gani ko bangona?"

Na ce, "Ku duka biyu, Gwaggo."

Ta ce, "Allah ya shirye ki. Tun da kika shigo ba ki dube ni ba."

Gaskiya ta faɗa. Abin da ya kama ni shi ne, ɗakin ba ya daɗewa da fuska ɗaya. Da za a ɗaure wa mutum ido a kawo shi daga wata uwa duniya a zaunar da shi a bakin gadonta, da an kwance masa zai faɗi lokacin da ake ciki: kaka ce, ko ɗari, ko bazara, ko damina, ko kuwa salla ce ta ƙarato. Ni kuma ɗakina na Maraɗi, da kabad ɗinsa da furannin roban da na kashe wa kuɗi kamar ba gobe, yadda aka jera mini shi ranar tarewa haka yake har yau, sai dai ƙura da ta ƙaru.

Wanda bai san Madarunfa ba, tana kudu da Maraɗi, tafiyar kilomita 20 da ɗoriya, a ɓangaren da ke fuskantar iyakar Katsina. Abin da aka fi saninta da shi tafkinta ne da kushewun waliyyai 99 da ake cewa suna kewaye da shi, waɗanda masu ziyara ke zuwa dominsu daga Nijar da Najeriya. A 2006 ƙasar Nijar ta sa tafkin da dajin da kushewun a jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta karɓa cikin kayan tarihin duniya. Ni ma nakan je bakin tafkin in yi addu'a in kalli masunta. Amma abin da ya shafi zancenmu shi ne ƙasar da ruwan nan ya jiƙa: ita ke ba da kaba, ta ba da gamba, ta ba da duma da laka da farar ƙasa. Kantin gwaggo ke nan, kuma mai kantin ba ya bin ta bashi.

Kaka

Ranar da idona ya buɗe, ƙarshen watan Oktoba ne, an gama yankan gero, dawa na kan hanya. Na yi sallama na ɗaga asabari, sai na tsaya cik a bakin ƙofa. Saman gado, inda wasu ke manna kalanda, gwaggo ta ɗaure zangarniyar gero guda bakwai da igiyar kaba, ta baza kawunansu kamar wutsiyar ɗawisu, ta tsakiya ta fi tsawo, sauran suna raguwa hagu da dama. Ƙarƙashinsu ta gicciya zangarniyar jar dawa da ta farfara. Daga wannan kusurwa zuwa waccan kuma ta zura jan barkono a zare kamar tsakiya, tana raba kowane biyar da busasshen ɓawon zoɓo. Hasken ƴar tagar nan ya faɗo a kan jan barkono da ruwan ɗorawar gero, bango kuma fari fat a bayansu. Kai! Tubarkalla masha Allah! Na manta da gaisuwa, na manta da takalmin da ke ƙafata. Ga kuma ƙamshin sabon kara da ya cika ɗakin, irin wanda babu turaren kanti da zai kwaikwaye shi.

Jikokinta ma suna da nasu hannu a ciki. Kowa ya san yadda yaran Hausa ke ɓare karan dawa su tsaga ɓawon siri-siri su riƙa soka shi cikin totuwa, su ƙera mota da tabarau. Gwaggo ta karkatar da wasan nan zuwa bangonta. Sun ƙera wa tsohon madubinta gida na sillen kara mai hawa biyu, sun yi ƴan taurari masu ƙafa shida da aka rataya da zare suna juyawa da kansu in iska ta shigo, har da ɗan ƙaramin rumbu mai hular ciyawa da bai fi tafin hannu ba. Na tambaye ta nawa ta kashe. Ta yi dariya har da tafa hannu: "Zare kawai na saya, shi ma ragowar na ɗinki ne."

Sai daga baya na gano abin da ya ƙara narkar da ni. Zangarniyoyin nan bakwai ba tsintar su ta yi ba. Su ne mafi tsawo da cikar ido a duk gonar, waɗanda aka zaɓa domin iri. Ta ba su wata guda suna shan kallo a bango, sannan ta sauke su ta adana da toka sai ranar shuka. Watau abin da na tsaya ina yi wa kabbara tuwon baɗi ne.

Ɗari

Da hunturu ya buso daga arewa maso gabas, tun daga Nuwamba har Fabrairu, ƙura ba ta barin komai. Duk abin da ke da gashi ko lungu sai ya zama gidan ƙura. Nan gwaggo take sauke kayan kaka, ta fito da abin da za a iya kakkaɓewa da bugu ɗaya: faifai. Jama'a, bangon faifan nan shi ne sarkin kwalliyar shekara, kuma duk wanda ya yi mini gardama sai mu je in nuna masa. Gani ya kori ji.

Na ƙirga goma sha tara a wani zuwa da na yi, manya a tsakiya, ƙanana suna zagaye da su, ba biyu masu zane ɗaya. Dukansu ɗinkinta ne. Na zauna na ga yadda ake yi tun daga tushe. Kaba ganyen ƙaramar goriba ce da ba ta riga ta miƙe ba. Ana yanko ta, a shanya a inuwa domin kada rana ta sa ta karyewa, a tsaga da farce ko allura, a jiƙa ta yi laushi. Sai a sami ciyawa mai tsawo a dunƙule ta kamar igiya, a fara naɗe ta daga cibiya, ana ɗaure kowane zagaye da wanda ya gabace shi da tsagin kaba da basilla. Zanen ba a kan takarda yake ba. A ka yake, kuma lissafi ne tsantsa: in ta sa ja sau uku a wannan zagaye, a na gaba sai ya zama biyar, domin faifai na ƙara faɗi. Ni da nake koyar da yara, da na gwada ƙirga mata sai da na ɓace sau biyu, ita kuwa tana yi tana hira tana korar kaji.

Rinin kuma wani karatu ne. Ja daga karan dafi yake fitowa, wata irin dawa da ake nomawa domin jan kuben ganyenta, wadda dukawa ma suke rina fata da ita. A dafa da ƴar kanwa sai launin ya fito ja wur. Ruwan ɗorawa daga saiwar rawaya. Baƙi daga ƴaƴan bagaruwa da aka jiƙa tare da tsatsar ƙarfe. Kore da shuɗi mai haske ne kawai take sayen galurarsu a ƙulli a kasuwa. Launin gargajiyar nan ba ya ihu kamar na galura, a hankali yake magana, kuma yana tsufa da mutunci. Akwai wani faifai da ta ce ta ɗinka tun ina goye. Jansa ya koma kamar na goro, ya fi sababbin kyau nesa ba kusa ba. Na roƙe ta shi har da rantsuwa. Ta ce sai bayan ranta.

Lokacin ɗari ne kuma duman da aka girbe yake gama bushewa, a fafe shi, a kankare cikinsa. Gwaggo tana ɗora tsohuwar wuƙa a kan garwashi, in ta yi zafi ta riƙa bin bayan ƙwarya da ita tana ƙona zane: layi-layi, kusurwa-kusurwa, da dagi a tsakiyar masaki. Wasu kuma ta shafe su da farar ƙasa ta kankare zanen ya fito. Sai ta jera su a ragaya uku daga rufin ɗaki, masaki a ƙasa, ƙwarya a kai, ƙoƙo a sama, ludayi na leƙowa daga gefe kamar mai tsegumi. Da dare in an kunna fitila inuwarsu ta hau bango, sai ka rantse wasu ƴan mata ne suka ɗauko tallar fura.

Bazara

Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, tafki ya ja da baya, mutum ya ji ko rigar jikinsa ta yi masa yawa. Na zo ina ɗokin ganin me za ta ƙara, sai na tarar ta kwashe kusan komai. Na ce, "Gwaggo, ɓarayi suka shigo muku?" Ta ce, "Ɗaki ma yana jin zafi, ɗiyata. Bar shi ya sha iska."

Ashe a wannan lokaci bangon da kansa ne ado. Kafin ruwa ya sauka dole a gyara yaɓe, to ita sai ta mai da dole ta zama kwalliya. Ana kwaɓa laka da ciyawa a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a yaɓe, tun tana ɗanya ta bi ta da yatsu huɗu tana jan zane kamar igiyar ruwa, daga bakin ƙofa har ya zagaye taga. Rabin bango na ƙasa ta shafe da jar ƙasa, na sama da farar ƙasa, ta raba su da baƙin layi na gawayi da ƙaro. Launi uku kacal, amma in ka shiga daga rana sai ka ji kamar an zuba maka ruwan randa a ka.

Daɓen kuwa gayya ake yi masa. Ɗorawa tana nuna a daidai wannan lokaci, in an cire garin da kalwa, ɓawon ba a yar da shi. Shi ake jiƙawa ya ba da makuba, ruwa mai duhu da ke sa ƙasa ta yi tauri ta ƙi shan ruwa. Matan unguwa suka taru da maɗaɓansu, aka baza tsakuwa da ƙasa, ana yayyafa makuba ana bugu ana waƙa, bugun na tafiya tare kamar kiɗa. Da ya bushe sai ga daɓe sumul yana sheƙi, ja mai duhu, sanyi ƙalau a tafin ƙafa. Na kwanta a kansa ba tabarma na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba a kan katifata. Abin da ta bari a ɗakin duka-duka: randa a kusurwa da faifai ɗaya a bakinta, mafici biyu na kaba a gicciye a bango, da farar tabarma. Wanda ya iya cika ɗaki gwani ne, amma wanda ya san ranar da zai kwashe ya fi shi.

Damina

Shamuwa na sauka, gwaggo ta san saura ƙiris. Daga Yuni zuwa Satumba danshi ne da gara, maƙiyan kaba da ƙwarya. Sai ta tattara faya-fayanta ta sa a adudu da ganyen bedi, ta rataye nesa da bango, ta fito da abin da ruwa ba ya yi wa komai. Nan ne na ga abin da ya sa na yi shewa har maƙwabta suka leƙo.

Leda! Ledar nan da ta addabi gonaki da magudanai, take kashe awaki in sun haɗiye ta, wadda har majalisar ƙasa ta yi dokar hana shigo da ita da sayar da ita a 2014 amma ba ta daina rataya a kan ƙaya ba. Jikoki suna tsinto ta, a wanke da omo, a shanya, a yanka ta zobe-zobe a ƙulla ta zama zare, gwaggo ta kama ta da kwarashi. Baƙar leda ta zama ƙasan zane, mai ratsin shuɗi da fari ta zama fure, zaren buhun shinkafa ya zama geza. Ta saƙa shimfiɗar bakin ƙofa, ta saƙa rigar kwalabe, ta saƙa ƴar jakar da take rataye carbi. In laka ta taɓa su, a watsa ruwa, shi ke nan. Sai da na shafa da hannu na ji santsin sannan na yarda ba ulu ba ne.

A bakin taga kuma gwangwanayen tumatir da na madara ne a jere, an nannaɗe su da igiyar kaba, an shuka ɗoɗɗoya da na'ana'a a ciki, ɗakin na tashin ƙamshi in an taɓa su. Wata safiya wani jikanta ya kawo mata furen bado guda biyu daga bakin ruwa, ta sa su a ƙoƙo ta ajiye gaban madubi. Kafin la'asar sun rufe. Na ce kash, asara. Ta ce, "Ai kin gan su." Ban sami amsa ba.

Kalanda ta biyu

Duk wannan lissafin manomi ne. Akwai kuma na wata, wanda shekararsa kwana 354 ce, saboda haka salla take matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara, ta zaga damina da ɗari da bazara cikin shekara 33 ko kusa da haka. Gwanintar gwaggo ita ce yadda take ɗora adon salla a kan duk fuskar da ɗakin yake da ita a lokacin, ba tare da sun yi faɗa ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa tun goman tsakiya na azumi take aika jikoki wurin telolin unguwa, lokacin da keke ba ya barci. Ƙyallayen da ke zuba ƙarƙashin keke, na shadda da atamfa da leshi, kyauta ake ba su ko a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Da su take harhaɗa labulen ƙaramar salla, murabba'i-murabba'i, da ƴan tutoci masu kusurwa uku da ake jerawa a igiya daga ƙofar ɗaki zuwa rumfa. Abin dariya, ranar salla kowace baƙuwa sai ta tsinci kayan jikinta a labulen. "La! Ga zanena!" "Ga rigar maigidanmu!" Unguwa guda a rataye a ƙofa ɗaya.

A nan ne kuma kayan jerenta na aure suke fitowa, tasoshi da langa da fanteka, a goge su da toka da lemon tsami har mutum ya ga haƙoransa a ciki, a sake musu tsari. Da layya, fatar ragon ba ta zuwa ko'ina: a jeme ta da bagaruwa ta zama buzu, sabo a gaban gado, na bara ya koma wurin salla. Da watan Gani kuwa, daren Mauludi, yara ke mulki. Su huda gwangwani da ƙusa, tauraro da jinjirin wata, su sa ƴar tocila a ciki, su manna takardu masu launi da ƙaro. Aka kashe fitila, sai ga taurari sun watsu a rufin ɗaki da bango da fuskokinmu. Ni da girmana na yi ta "wayyo daɗi" kamar ƴar shekara bakwai, ban ji kunya ba, kuma gobe ma in an sake zan sake.

Lissafi

Mu yi maganar kuɗi, tunda nan ne ake raba gardama. A wurinmu dala sefa 5 ce, jika kuma sefa 1000. Na zaunar da gwaggo na sa ta tuno duk abin da ta saya domin ado cikin shekara: ƙullin galura, zare, basilla, kwarashi ɗaya, batir, ƴan takardu. Muka yi ta tarawa da dala-dala, da ƙyar muka haura jika uku. Furen roba guda ɗaya na ɗakina ya fi haka.

Kuma hannunta ba ya jiran mota. Da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kayan da ke biyowa ta Jibiya da Ɗan Isa suka yi wuya suka yi tsada, masu ado da kayan kanti suka yi ta ƙorafi. Ita ko a jikinta. Ta bar kore da shuɗi, ta koma wa karan dafi da rawaya da bagaruwa, kuma faya-fayan wannan shekarar suna cikin waɗanda na fi so. Abin da ya yi saura take kaiwa kasuwa, kuɗin ta zuba a asusun matan unguwa. Irin asusun nan na Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi aka fara shi a 1991 da tallafin ƙungiyar CARE, daga nan ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Duk lokacin da na ji sunan, fuskar gwaggo nake gani. Kwalliyarta ta biya kuɗin sabulu a zahiri, ba a karin magana kawai ba.

Inda jan biro ya so ya taɓa

Malama ba ta barin hali, sai da na nemi aibi. Na farko wuta: kara da kaba da busasshiyar zangarniya ba sa shiri da fitilar kananzir ko kaskon turare, musamman a ɗari da ake shiga da garwashi ɗaki. Duk mai son kwaikwayo ya nisanta su, ya koma wa tocila. Na biyu ɓera, wanda shi ma masoyin adon kaka ne, sai dai shi da haƙori yake yabo. Na uku, na taɓa ganin jikokin sun zuro idon zakara a zare, jajayen ƴaƴan nan masu ɗigon baƙi. Kyau kam ba magana, amma dafi ne mai kisa in yaro ya tauna, saboda haka na sa aka cire, gwaggo ta goyi bayana. Na huɗu ya fi su nauyi: kabar da ake yanka kullum ba ta samun zama goriba. In kowa ya yi ta yanka ba ya barin wasu su miƙe, jikokinmu za su nemi kaba su rasa. Gwaggo tana da kututture uku a gonarta da ta hana kowa taɓawa, har sun fi ni tsawo. Na duba duka huɗun, na ga babu wanda laifin ɗakin ne. Na mayar da biro jaka.

A 2015, da aka kawo bikin ƙasa na 18 ga Disamba birninmu da sunan Maraɗi Kwalliya, mun ga tituna da gine-gine sun sha gyara, mun ji daɗi. A Yamai kuma tun 2000 ake baje kolin SAFEM domin sana'o'in hannu na mata. Ina jinjina wa duka biyun. Amma ina so masu shirya irin waɗannan su sani, akwai baje kolin da ke sauya kaya sau huɗu a shekara, har da ƙarin salla biyu da Mauludi, a wani lungu na Madarunfa, ba tikiti ba kasafin kuɗi. Kuma ba ɗakin gwaggona kaɗai ba ne. Na leƙa na maƙwabtanta, kowace da salonta, wata ta fi ƙarfi a ƙwarya, wata a zanen bango. Ni dai tawa na sani, ita nake yi wa kirari.

A zuwana na ɗarin bara na ce sai ta koya mini. Ta ba ni basilla da tsagin kaba. Kwana uku ina fama, na soke yatsa ya fi sau goma, abin da ya fito bai yi kama da faifai ba, bai yi kama da kwando ba, gefe ɗaya ya tashi kamar kunnen jaki. Ta juya shi gaba da baya, ta ce, "Malama, nawa za ki ba mai wannan?"

Na ce, "Huɗu bisa ashirin, Gwaggo. Shi ma don tausayi."

Na bar shi a nan na koma Maraɗi, ina zaton za a rufe ruwan kaji da shi. Da na dawo bayan sati uku, na ɗaga asabari na fara ƙirgar da na saba. Goma sha bakwai, goma sha takwas, goma sha tara. Sai ga wani a can ƙasa daga dama, kusa da randa, da kunnensa a tashe. Ta rataye shi, ta kuma matsar da sauran domin su ba shi wuri.

Ashirin ke nan cif. Na ciro jan birona, na nemi izini, na rubuta a bayan ƙofarta inda ba zai ɓata bango ba: 20/20.